Neman 'Yan Ajinmu A Cikin Tsofaffin Takardu

Da kwamitin tsofaffin ɗalibai ya ɗora mana nauyin tattaro sunayen waɗanda muka gama aji bakwai tare da su a Gumel cikin 1974, mun zaci aikin mako biyu ne. Sai ga shi ya ci mana damina da rani. Dalilin aikin kuwa ba liyafa ba ce. Matar wani ɗan ajinmu, Allah ya ji ƙansa, ita ta zo da kuka cewa haƙƙin mijinta ya maƙale, domin sunan da ke kan takardar ɗaukarsa aiki ya saɓa da na takardar gama makarantarsa, ana neman waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi su shaida cewa mutum ɗaya ne.

Da rajistar shiga makaranta muka fara, wato babban kundin nan da hedimasta kan rubuta sunan yaro, da na mahaifinsa, da garinsu, da ranar da aka ɗauke shi. Gara ta ci gefensa, amma shafinmu ya tsira. A nan muka ga tushen matsalar. A zamanin nan, in aka sami masu suna Ibrahim uku a aji guda, malam kan raba su da sunan gari: wannan na Maigatari, wancan na Gagarawa, na ukun na Sule Tankarkar. Ba baƙon abu ba ne a Arewa, da haka duniya ta san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Sai dai da yawa daga cikinmu, da suka girma suka kama aiki, sun ajiye sunan garin sun ɗauki na mahaifi. Batun shekarun haihuwa kuwa kada ma a tayar. An sa yaro ya zagaya hannunsa ta bisa kai, in ya taɓa kunne ya isa shiga aji ɗaya, malam kuma ya ƙiyasta shekarar ya rubuta.

Abu na biyu shi ne, takarda hukuma take bi, hukumar da ke riƙe da mu kuwa ta sauya sau da dama a gaban idonmu. An haife mu ƙarƙashin En'e ta Gumel a Lardin Kano, zamanin Sarki Maina Muhammad Sani. A 1967 muka zama 'yan Jihar Kano. A 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e, kuma a shekarar ne aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta, wanda ya kwashi rabin ajinmu zuwa aikin malanta, wasunmu ta Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Daga baya aka fitar da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar daga tsohuwar ƙaramar hukumar Gumel. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, ma'aikata 'yan asalinta suka taso daga Kano zuwa Dutse. Duk sauyi ɗaya, fayil ya yi ƙaura ɗaya. Mutum guda sai ka tarar da farkon aikinsa a Gumel, tsakiyarsa a Kano, ƙarshensa a Dutse, kuma kowane wuri da yadda aka rubuta sunansa.

Tsofaffin gazet na gwamnatin Kano sun taimaka wajen waɗanda suka yi aikin jiha, tunda a ciki akan buga ɗaukar aiki da ƙarin girma. Jerin 'yan fansho ya ba mu malamai. Rajistar masu zaɓe da akan liƙa a rumfuna ta fi su duka daɗin dubawa saboda hoto, ko da yake gane yaron 1974 a fuskar dattijo mai furfura ba ƙaramin aiki ba ne; sau biyu muna yin sallama a ƙofar gidan da ba shi ba.

Waɗanda suka fi ba mu wuya su ne waɗanda ba su taɓa cin albashi ba, da kuma 'yan mata huɗun da ke ajin. Su aure ya ɗauke, takarda ba ta sake ambatarsu ba, sai ta bakin ƙannensu muka san inda suke. Manomi ko falke kuwa, bayan rajistar makaranta babu inda gwamnati ta rubuta shi sai wurin haraji. A nan muka ajiye kundi muka koma ga dagatai da masu unguwanni, zumunta dai a ƙafa take. Wani mun same shi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari yana dillancin shanu. Ya daɗe da zama a tsallaken iyaka cikin Nijar, shi ya sa babu shi a kowane jerin namu. Wani kuma a tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, kan layin Kano zuwa Nguru, aka ba mu labarin ya yi aikin reluwe ya rasu a Kudu.

Mutum biyar daga cikin waɗanda muka samo sun sa hannu a takardar shaida, matar marigayin ta kai ta tare da hoton shafin rajista. Saura mutum shida har yau ba mu ji ɗuriyarsu ba. Mun bar sunayensu a hannun sakataren ƙungiya, kamar yadda hedimasta ya rubuta su, haɗe da sunayen iyayensu da garuruwansu, don duk wanda ya san ɗaya daga cikinsu ya leƙa ya duba.