Tulunan Bura da Abin da Garma Ke Tonowa

A kasuwannin Agye, Gazawa da Gidan Runji, masu tukwane ba sa rasa ciniki: randa don ruwan sanyi, tulu don zuwa rijiya, tukunya don tuwo. Sai dai yumɓu na da wani aiki da ba a cika faɗa ba. A maƙabartun Hausa da dama, idan an kwantar da mamaci, ana jera itace ko fasassun tukwane a kansa, a liƙe da ɗanyen laka kafin a tura ƙasa.

Wannan zumunci na tukunya da kabari ya daɗe ƙwarai a Nijar. A 1975 aka gano tsohuwar maƙabartar Bura, wajen Tera a jihar Tilaberi. A 1983 Boubé Gado, masanin tarihi na cibiyar IRSH ta Jami'ar Yamai, ya tone ta, ya tarar da tuluna sama da 600 a kife, jere da juna. Wasu dogaye ne, an ɗora musu siffar kan mutum, har da mahayi bisa dokinsa, kuma an sami ƙasusuwan mutane tare da su. Masu ginin tulunan sun rayu tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Ba su kaɗai ba ne: mutanen Sao na bakin Tafkin Chadi sun binne matattu cikin manyan randuna, Rumawa kuwa toka suke zubawa a tulu bayan ƙona gawa.

Abin takaici, da aka baje kayan Bura a Faransa a 1993, sai dillalai suka yi wa yankin ca. Aka riƙa haƙa da dare, ana fasa tulu don a cire kan kawai. Tulun da aka ɗauke daga mazauninsa ya zama kayan ado, labarinsa ya tafi har abada. Nijar ta kafa dokar kare kayan tarihi a 1997, amma doka ba ta kwana a gona.

Ƙasarmu ta Gobir da Katsina cike take da kufai, daga Tibiri har bakin Gulbin Kaba. Manomi, idan garmarka ta ci karo da tsohon tulu, kada ka fasa shi neman dukiya, kada ka sayar. Ka bar shi inda yake, ka sanar da mai gari.