Tukunyar Agadas da hanyoyin da ke cika ta



Kwanan nan duk inda ka zauna, fada ce ko gidan suna, zancen guda ne: kuɗin mahaɗi ba ya isa, kowa ya tsuke bakin aljihu. Matasa na cewa ba a taɓa ganin irin wannan ba. To, an taɓa, ba sau ɗaya ba. Bambancinmu da Maraɗi ko Damagaram shi ne mu ba mu da rumbu a bayan gida. Hatsin da muke ci ba mu muka noma shi ba. Tun zamanin ayari, raƙuma ke ɗaukar hatsin Damargu zuwa Fashi da Bilma, su komo da kantun gishiri da dabino, sannan su gangara kudu a sake musanya. Shi ya sa tukunyar garin nan hanya take kallo fiye da hadari. In hanya ta toshe, uwargida ce ke fara sani.

Farin 1973 da 1974 ya cinye dabbobin Abzin, makiyaya suka sauko gefen gari hannu wofi. Shekara 10 bayan nan aka sake. A 1984 ruwa ya ƙi, kuma a watan Afrilu na wannan shekara Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya. Har yau dattawa El-Buhari suke kiran wannan yunwa. Nono da cuku suka fara ɓacewa, hura ta koma farau-farau, gidan da ke ɗora tukunya sau uku ya koma sau ɗaya da dare, abin da ya kwana a ɗumama wa yara da safe. Kuma lokacin ne dangin daji suka cika zaure. Ba a kori kowa ba, ruwa aka ƙara wa miya.

Amma wanda ya fi sauya mana tsarin cefane, a ganina, shi ne na Janairun 1994, kuma ba shi da alaƙa da damina. Shugabanni suka taru a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100 a dare guda. Mutum ya kwanta da jika goma a aljihu, ya tashi da jika goma ɗin nan, amma a gaban mai butik ta rame. Shinkafa, sukari, madara, magani, kayan gyaran mota, littafin 'yan lakol, duk abin da ke ƙetaro teku ya tashi. A lokacin ana cikin tawaye, Turawa masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, maƙeran azurfa da masu jagora da direbobi suna zaune. Ma'aikatan gwamnati kuwa sai su yi watanni ba albashi. Malamin lakol da ake ganin ya fi ƙarfin bashi, shi ma sunansa ya shiga littafin mai butik.

A irin wannan hali aka ƙware da sayen ƙulli-ƙulli: sukari na dala biyar, mai na dala goma, tumatir ɗin gwangwani a cokali. Kowa ya san wanda ke saye haka shi ya fi biya da tsada in an haɗa lissafin wata, amma wa ke da kuɗin buhu? Takardar likita ma aka koyi raba ta, a ce wa mai farmasi ya ba da wanda ya fi muhimmanci, sauran sai Allah ya hore. Wannan shi ne ragin da ya fi ba ni tsoro, don ba ya nunawa a ranar.

Abin da ya rufa wa gidaje da yawa asiri shi ne hanyar arewa. Aljeriya na tallafa wa kayan abincinta, sai makaroni da garin alkama da mai da madarar Lahda suka riƙa shigowa daga Tamanrasat ta Asamaka, wani ta ƙofa, wani ta taga. Tuwon hatsi na son daka da itace da lokaci, maka kuwa ruwa ya tafasa an gama. Yaran da aka haifa bayan nan sun tashi suna ganin maka da mai da yaji abincin gado ne, alhali tsada ce ta zaunar da shi a tukunyarmu.

A 2005, zamanin Tandja, gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan madara, garin alkama, sukari, ruwa da kuran. Wannan karon mutane ba su tsaya ga rage miya ba. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa da Nuhu Arzika ya jagoranta ya fito da dubban jama'a a Yamai ranar 15 ga Maris, aka bi da ranakun rufe kasuwanni. A watan Afrilu gwamnati ta ja da baya a kan madara da gari, ta sassauta ruwa da kuran. Sukari dai aka bar shi da harajinsa. Ku duba fa, a garin da shayi ke kan wuta daga safe har dare!

Akwai kuma tsadar da kuɗi ke kawowa. Da aka samu zinariya a Jado a 2014, ga motocin Libiya na tashi duk Litinin cike da matafiya, kuɗi ya zagaya gari. Haya ta tashi, sadaki da kayan ɗaki suka tashi, biki ya koma gasar anko. Sai dokar 2015-36 ta fara aiki, aka kama motoci, aka rufe Jado a 2017, Cominak ta rufe a Akokan ranar 31 ga Maris 2021. Kuɗin ya tafi, farashin bai bi shi ba. Mai gida da ya saba wa iyali nama kullum ya fi jin kunyar ragewa fiye da wanda bai taɓa samu ba, kuma da yawa bashi suka ci don kada maƙwabta su gane.

Na baya-bayan nan duk mun gani. Bayan 26 ga Yulin 2023 CEDEAO ta sa takunkumi, hanyar Kwatano ta tsaya, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina da rakiyar soja. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, a watan Yuli gwamnati ta sauko da litar esans zuwa 499. Amma tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 1000 ne, kuma duk wanda ya bi hanyar Tawa ya san abin da take yi wa tayar kamiyo. Kuɗin wannan tayar a buhun shinkafa yake fitowa.

In ka bi shekarun nan, tsarin ragin kusan ɗaya ne. Nama ke fara tafiya, sai abincin rana, sai ɗinkin salla na manya, na yara ne ƙarshe. Mace ta sayar da akuyarta ko ta karɓi adashe kafin lokacinta, mai gida bai ma sani ba. Shayi ne kawai ba a taɓa sauke shi ba. An rage sukari, ana sake tafasa ganyen safe da yamma, amma baƙo in ya zauna sai ya sha kofi ukunsa.