Takarda da Amana: Matsayin Tashar Adjamé a Horon Ɗan Koyon Binciken Kuɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta auna yadda ake horar da masu binciken kuɗi a Kwaddibuwa da yanayin hada-hadar tashar motar Adjamé da kasuwannin Treichville a Abijan. Hujjarta ita ce, ɗan koyon da bai taɓa bin sawun kuɗin da ba su bar takarda ba, horonsa da saura.

Hanyar zama odita

A ƙasashen ƙungiyar UEMOA, ciki har da Kwaddibuwa, mai son zama cikakken akanta yakan fara samun shaidar DESCOGEF, ya yi shekara 3 yana koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararre, sannan ya zauna jarrabawar DECOFI. Faransa ta daɗe da tsarin raba makon ɗalibi tsakanin aji da ofis, Ingila kuma ta shigo da digirin koyon sana'a a 2015. Tushen tsarin duka ɗaya ne: ana koyar da ƙa'idar lissafi a kan allo, amma shakkar da odita ke buƙata ba ta samuwa sai ya riƙe rasit a hannu ya tambayi kansa ko gaskiya ne. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, a hannun wa ake ajiye ɗan koyon, kuma wane irin kuɗi yake gani?

Doka ce ke amsa wannan. Kwaddibuwa na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta OHADA, wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarta a Port-Louis a 1993, kuma babbar kotunta a Abijan take. Dokar kamfanoni ta 2014 ba ta wajabta wa ƙaramin kamfani naɗa odita ba sai ya cika biyu daga sharuɗɗa uku: kadarar da ta wuce sefa miliyan 125, cinikin shekara da ya wuce miliyan 250, ko ma'aikatan dindindin fiye da 50. Dokar lissafi da aka sabunta a Brazzaville a 2017 kuwa ta yarje wa ɗan kasuwar da cinikinsa bai kai miliyan 60 ba, da mai aikin hidima da bai kai miliyan 30 ba, su tsaya kan rubuta shiga da fitar kuɗi kawai. Saboda haka aikin odita ya taru a bankuna da manyan kamfanonin unguwar Plateau, can kuma ɗan koyo ke ƙare shekarunsa, cikin takardun da wani akanta ya riga ya shirya tsaf.

Abin da tasha ke koyarwa

Daga Plateau zuwa Adjamé tafiya ce kaɗan, amma kuɗi a tasha wata hanya suke bi. Ɗan kamasho ya tara fasinja ya karɓi la'adarsa a tafin hannu. Mai lodi ya yanke kuɗin buhu da ido. Direba ya karɓi kuɗin mai, ya dawo da lissafin abin da ya kashe a hanya da baki. Ɗan kasuwa daga Treichville ya damƙa wa yaron mota saƙon kaya zuwa arewa, shaidarsa ita ce sunan da aka rubuta a jikin buhun da kuma kiran waya. Hatta ƙirga na iya kayar da baƙo. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga sefa, kowace dala sefa 5, kamar yadda Jula ma ke ƙirgawa biyar-biyar, don haka wanda ya ce ya biya dala ɗari, sefa 500 ya biya, jikka kuma 1,000 ce. Ɗan koyon da bai san wannan ba zai rubuta 100, ya gano giɓin da babu shi, ya ɗora zargi a kan mutumin kirki.

Kuskure ne a ɗauka cewa wannan harka ba ta da tsaro. Abner Cohen, a bincikensa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda maigida ke tsaya wa baƙonsa lamuni a cinikin shanu da goro, da yadda tsoron zubewar mutunci ke sa a biya bashin da ba a rubuta ba. A tasha ma, idan aka duba da kyau, mai sayar da tikiti daban, mai ƙirga kujeru daban, wanda ke karɓar kuɗi da yamma daban. Wannan shi ne raba ayyuka da ake koyarwa a aji, sai dai ba a rubuta shi a kundin kamfani ba. Aikin odita shi ne ya gano inda tsaron yake, ya gwada ko yana aiki: ya haɗa guntayen tikiti da adadin kujeru, ya auna man da aka ce an sha da nisan tafiya, ya tambayi mai karɓar saƙo ba tare da sanin mai aikawa ba.

Amsa ga masu ja

Za a ce tunda doka ba ta neman odita a nan, ɓata lokacin ɗalibi ne. Amma kamfanonin sufuri irin su UTB da manyan dilolin da dokar ta shafa, rabonsu na ciniki ta irin waɗannan hannaye yake shigowa, tsabar kuɗi a tagar tikiti. Wanda ya tabbatar da jimillar da ke littafi alhali bai taɓa ganin yadda take taruwa ba, ya sa hannu ne a kan abin da bai sani ba.

Ja na biyu ya fi nauyi. Ƙa'idar bincike ta ISA 500 ta fifita shaidar rubutu a kan ta baki, ta kuma fifita wadda ta fito daga waje a kan ta cikin gida, kuma da gaskiyarta, domin amana na karyewa, maigida na mutuwa ya bar magada da bashin da ba wanda ya san iyakarsa. Haka kuma ɗan koyon da ya tashi a unguwar zai ji nauyin ce wa sa'an mahaifinsa, "Alhaji, a nuna mini shaida." Wannan haɗari ne na gaske, kuma maganinsa shi ne kada a tura shi kan asusun dangi ko na maigidansa, sannan ƙwararre ya duba duk abin da ya rubuta. Sai dai neman rubutu ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwa Musulmi. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, ta kuma sassauta a cinikin hannu da hannu. Ɗalibin da ya iya Hausa ko Julanci ya fi kowa damar neman takarda ba tare da mai shago ya ji an kira shi ɓarawo ba.

Shaidar ma yanzu tana ƙaruwa. Tun da Orange Money ya fara aiki a Kwaddibuwa a 2008, Wave da wasu suka biyo baya, kuɗin saƙo da yawa na barin sawu a waya: rana, sa'a, lamba da adadi. Amma lambar sau da yawa ta yaron shago ce ko ta ƙanen direba, kuɗin gida da na jari kuma a asusu ɗaya suke kwana. Raba su na buƙatar wanda zai zauna a benci kusa da tagar tikiti, ya bi saƙonnin wayar ɗaya bayan ɗaya tare da mai ita, yana tambayar wanne ne kuɗin buhu, wanne ne na cefane.