Daga Wasiƙar Gidan Rediyo Zuwa "Ka Same Ni a Inbos"

Yau ba koyon saitin waya za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa. Ka taɓa tambayar kanka yadda iyayenmu ke neman shawara kan matsalar da ba ta faɗuwa a zaure?

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta, kuma masu karatu na aiko da wasiƙu ana bugawa. Shekara 10 kafin nan jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda. To ka ga mutumin Birnin Tsaba ko Shinkafi sai ya rubuta, ko ya sa a rubuta masa, a kai gidan waya, sannan ya zauna jiran makonni.

Sai rediyo ya karɓe fagen. BBC Hausa ta soma a 1957, Rediyon Kaduna a 1962. Malami ko likita ya zauna a karanto masa tambayar aure, gado ko ciwo, ya amsa duniya na ji. Mai wasiƙa kan roƙi a sakaya sunansa. Lura da tsarin nan: matsalar a fili, mai ita a ɓoye, mai amsawa kuma sananne. In ya yi kuskure, akwai masu gyara masa.

Zuwan wayar salula a 2001 ya maida wasiƙa kiran kai tsaye da tes. Daga baya Facebook da WhatsApp suka kawo "admin a ɓoye sunana", har aka kai ga masu cewa turo kuɗin rajista ka shiga guruf, ko a yi magana daga kai sai su. Saurin ya yi daɗi, matar da ke kunyar zuwa asibiti ta samu kafa. Da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, ai mutanen Zurmi da Ƙaura sun ga yadda muka dogara da ita.

Amma fa yanzu abin ya juye. Amsar ce a ɓoye, mai amsawa ba lallai ka san shi ba, shi kuwa yana riƙe da lambarka, hotonka da muryarka. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo tsakanin mutum biyu, sai dai kullen bai hana wanda ka tura wa ya adana ko ya tura gaba.

Saboda haka kafin ka buɗe cikinka, bincika wane ne shi, ina ya yi karatu, wa ya san shi. Cire sunaye da unguwa daga labarinka, ka rubuta maimakon saƙon murya, kada ka tura hoto. Maganar magani kuwa, a dangana da asibiti. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga wayar wani.