Kogin Kaduna da Fadamarsa

A cikin watan Agusta na shekarar 2003, ana tsakiyar marka, na tsaya a bakin wani layi a Unguwan Rimi ina kallon kwale-kwale yana ratsa inda jiya motoci ke bi. Kogin Kaduna ya yi ambaliya, ya shiga Malali da Kabala da gidajen da ke ƙasan titin Kigo. Wani dattijo da ke kusa da ni ya girgiza kai ya ce, a nan yake shuka rake yana saurayi. Maganarsa ce ta sa na koma bin tarihin wannan gaɓa.

Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, kan tudu suka kafa ofisoshinsu da barikokinsu, arewa da kogi. Fadama ta zauna a hannun masu lambu da masunta. Kowace damina kogin, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Jos, yakan cika ya malala cikinta, ya janye ya bar laka mai albarka. Ba wanda ya kira wannan masifa, domin ba gidan kowa a wurin.

Sai gari ya bunƙasa. Masaƙun Kakuri, tun daga 1957, suka jawo ma'aikata daga ko'ina, fili ya yi tsada. Amma a ganina, abin da ya fi matse fadama shi ne rikicin watan Fabrairu na 2000. Bayansa jama'a suka rabu bisa addini, akasarin Musulmi suka ƙaura zuwa arewacin kogi, Kirista suka nufi kudu. Wanda ya baro gidansa cikin tsoro ba ya tsayawa tambayar inda ruwa ke kaiwa. Fegin da ya samu da araha shi yake saya, kuma mafi araha shi ne na bakin kogi. Haka lambuna suka zama unguwanni, siminti ya rufe ƙasar da ke shanye ruwa, leda ta toshe magudanai.

Ambaliyar ta sake dawowa a 2012, da 2018. Yanzu hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, NIHSA kuma na ambaliya, NEMA da takwararta ta jiha suna shelar a tashi daga gaɓa. Gargaɗin yana isa, ta rediyo da bakin masu unguwanni. Abin da ba ya zuwa tare da shi, sau da yawa, shi ne wurin da za a koma.

Na sake zuwa layin nan da rani. Samari sun yashe kwata, an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, an jera buhunan yashi a bayan gida. A jikin wata katanga har yanzu ana ganin shatin da ruwa ya bari, daidai ƙirjina, mai gidan kuma yana ɗora sabon ɗaki a samansa.