Bikin Holi na Indiya: Asalinsa da Ma'anarsa

Gabatarwa

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa ya san wannan fage: jama'a sanye da fararen kaya suna watsa wa juna gari ja da kore da rawaya, ana kiɗa ana rawa. Akwai shi a Mother India (1957), akwai shi a Sholay (1975). Masu kallo da dama sun ɗauka ado ne kawai na masu shirya fim, alhali kuwa bikin addinin Hindu ne mai suna Holi, wanda ya haura shekara dubu ana yin sa.

Lokaci da Yadda Ake Yin Sa

Ana yin Holi idan watan Falguna na kalandar Hindu ya cika, wato ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, lokacin da sanyi ya janye, alkama ta nuna. A daren farko akan tara itace a dandali a kunna wuta, jama'a su kewaye ta suna addu'a. Washegari ne ake watsa launi, daga safe zuwa tsakar rana, sannan a yi wanka a shiga ziyarar dangi. Can da, daga furanni da kurkum da ganyen darbejiya ake haɗa launukan. Yanzu yawanci na masana'anta ne.

Asali

Wutar daren farko ita ce tushen bikin. Littattafan Hindu sun kawo labarin wani azzalumin sarki, Hiranyakashipu, wanda ya ce kowa ya bauta masa. Ɗansa Prahlada ya ƙi, ya riƙe bautar Vishnu. Da sarki ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya nemi 'yar'uwarsa Holika, mai wani mayafi da wuta ba ta ci. Ta rungumi yaron ta shiga wuta, iska ta yaye mayafin ta lulluɓe shi, ita ta ƙone, shi ya fito lafiya. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Daga sunanta aka sami sunan bikin.

Watsa launi kuwa ana danganta shi da Krishna, wanda ya koka wa uwar goyonsa cewa shi baƙi ne, masoyiyarsa Radha fara. Sai ta ce ya je ya shafa mata launin da ya ga dama. Shi ya sa bikin ya fi armashi a Mathura da Vrindavan, yankin da Hindu suka yi imani a nan Krishna ya tashi.

Holi a Tarihi

Tun ƙarni na 7, wasan kwaikwayon Ratnavali, wanda ake jingina wa Sarki Harsha na Kanauj, ya siffanta bikin da ake watsa gari da ruwa mai launi. Sarakunan Mughal, waɗanda Musulmi ne, ba su yi masa riƙo ɗaya ba. A zamanin Jahangir (1605 zuwa 1627) an yi shi har cikin fada, Aurangzeb kuwa ya ba da umarnin taƙaita shi a 1665. Bayan Ingila ta hana bauta, sai ta kwashi Indiyawa 'yan ƙodago zuwa gonakin rake na Moris (1834), Guyana (1838), Trinidad (1845) da Fiji (1879). Sun tafi da bikinsu, har ya zama ranar hutu a Guyana da sunan Phagwah.

Ma'anarsa a Zamantakewa

Al'ummar Hindu ta ginu a kan rukunan haihuwa, inda wani ba ya cin abinci da wani. A ranar Holi, idan launi ya rufe fuska, ba a gane mai gida da bara. Ƙarami yakan tsokani babba, mata su kori maza da sanduna a garin Barsana, masu gaba su sasanta. Sai dai wannan daidaito na yini ɗaya ne, kuma bai kai ga kowa ba. Al'ada ta hana matan da mazansu suka mutu taɓa launi, ta ɗaure su da farin tufafi har mutuwa. A 2013 ne irin waɗannan mata da ke zaune a Vrindavan suka fito fili suka yi Holi, da taimakon ƙungiyar Sulabh.

Kammalawa

Holi ya haɗa abu uku: godiyar girbi, tunawa da faɗuwar azzalumi, da sassauta matsayi na ɗan lokaci. Ɗalibin da ya san labarin Prahlada da halin matan Vrindavan zai fahimci abin da ke bayan rawar nan idan ya sake cin karo da ita a fim.