Yadda Aka Zaɓi Mazaunin Kaduna

Ku 'yan makaranta, kun sani manomi ba ya saran sabon daji sai ya duba ƙasar tukuna, ko jigawa ce ko laka, ko ruwa yana kwanciya ko yana wucewa. To, mai kafa gari ya fi shi bukatar dubawa, gama gona in ta ƙi, baɗi sai a sake wata, amma gari in ya zaunu, tashinsa da wuya. Turawa ma sai da suka yi kuskure kana suka gane haka.

Da Gwamna Lugga ya kama mulkin Arewa cikin 1900, a Jebba ya fara zama, bakin Kwara. Ya ga ta yi nisa da ƙasar Hausa, sai cikin 1902 ya ƙaura zuwa Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum. Abin da ya duba biyu ne: ya kusaci Zariya da Kano saboda yaƙi, ya kuma sami hanyar kawo kaya ta kogin Kaduna. Amma jiragen ruwa ba su iya kaiwa can, sai da aka shimfiɗa ɗan siririn reluwe mil 22 daga Barijuko. Wurin kuwa kwari ne, ga zafi, ga sauro, zazzaɓi ya dami ma'aikata. A ganina ba laifin ƙasar ba ne. An tambaye ta abin da ya shafi soja, ba a tambaye ta zaman mutane ba.

Lugga ya tafi cikin 1906, ya komo 1912, ya tarar hanyar jirgin ƙasa ta riga ta kai Kano tun 1911. Ta haka darajar kogi ta ragu. Wannan karon bai yi gaggawa ba, ya sa aka bincika wurare. Aka tsaya a inda reluwe ya ƙetare kogin Kaduna, cikin ƙasar Zazzau, kamar mil 50 kudu da Zariya. Tudu ne, tsayinsa bisa teku wajen ƙafa 2,000, saboda haka da dare akwai sanyi, ruwan sama kuma yana gangarewa kogi. Kogin ba ya ƙafewa da rani, watau ruwan sha ba zai yanke ba. Ga fili wadatacce, ba kowa sai ƙauyukan Gwari jefi-jefi, ko da yake su ba a nemi shawararsu ba. Har wa yau Lugga ya so wurin da ba ya ƙarƙashin inuwar wani babban sarki, don kada sauran sarakuna su ga an fifita ɗaya.

Soja suka fara sauka, sa'an nan cikin 1917 ofisoshin Gwamnati suka taso gaba ɗaya. Lugga ya yi nufin Kaduna ta zama babban birnin Nijeriya duka, amma Gwamna Kilifod da ya gaje shi cikin 1919 bai yarda ba, aka bar mulki a Ikko. Zungeru kuwa ta koma ƙaramin gari na tasha. Ko gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa da aka kafa mata cikin 1904, an kwance ta cikin 1954 an kawo Kaduna.